Kwamfutar Kawu da Zaɓin da Ya Bar Mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata kuma uban mijina, ya rasu wata Talata da hantsi a ɗakinsa, nan gidanmu a Daura, bayan jinyar kwana tara. An kai shi makwancinsa bayan azahar. Ni ba mai ilimi ba ce, a aji biyar na firamare karatuna ya tsaya. Amma kowa ya faɗi abin da ya sani a kansa, ni kaɗai ba a tambaya ba. Shi ya sa na samo littafi, nake rubuta nawa kaɗan-kaɗan in yarinya ta yi barcin rana.

Maza ba su ma dawo daga maƙabarta ba mata suka fara gardama a tsakar gida. Ƙofar ɗakinsa a buɗe take, kwamfutarsa na kan tebur tana ta wannan huci nata kamar ba abin da ya faru.

Inna Babba, yayar Kawu da ta zo daga Mashi, ta nuna ɗakin da carbi. "A kashe abin can. Mai shi ya tafi, wa kuma take yi wa aiki?"

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, "A'a, Hajiya, kada a taɓa ta. Tun da na kai mata sunana ƙafata ta daina kumburi."

"Ke dai maganin asibiti kika sha."

"Na sha mana. Amma sai da na kai sunan."

Wata daga bayan rumfa ta ce ita ta ji Turawa ne suke kwashe masa asirin gida da ita. Wata ta ce ai sadaka ce mai gudana, ta ji liman ya faɗa. Sai Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta ɗago kai daga cinyar Inna Babba ta ce, "Ba mai kashe ta." Shi ke nan aka koma lallashinta. "Sannu Auta. Ke kika yi rashi. Ke ce ta hannun damarsa." Duk wadda ta shigo sai ta nufi Auta, ta riƙe hannunta, su yi kuka tare. Ni kuwa abin da na ji ranar nan bai wuce, "Ke matar gida, ƙaro tabarma," da "Ruwan nan ya ƙare." Ina ɗauke da tulu ina cewa a raina, ni fa biyu na rasa, kawu da suruki, ita ɗaya ta rasa. Allah ya yafe mini, a ranar mutuwa na yi wannan tunanin.

Gara in faɗi gaskiya tun daga farko. Shekara uku abu ɗaya nake nema a wurinsa: ya sa kwamfutar nan ta yi aiki a kan ciwon yarinyata. Sikila gare ta. Har ya koma ga Allah bai yi ba.

Kawu a ɗakin gwaji na asibiti ya yi aikinsa har ya yi ritaya. Mai duba jini ake ce masa. Ina ƙarama in an kawo ni hutu daga ƙauyenmu kusa da Dutsi, ni da Auta muke wasa, don sa'anni ne mu. 'Yar Dutsi yake kirana. Ya taɓa kai mu wurin aikinsa, ya tsaga mini yatsa, ya ɗora ni a kan kujera na leƙa madubinsa na duba jini, na ga jinina kamar an zubar da ƙananan duwatsun wuya. Ya ce, "'Yar Dutsi, idonki ya fi na Auta gani. Zan ce da babanki ya bar mini ke ki yi karatu a nan." Ya faɗa wa babana sau ɗaya, babana ya ce a'a, shi kuma bai sake ba. Auta ta wuce har jami'a, yanzu tana ba da magani a wani asibiti a Katsina. Ni na koma daka.

Da na girma aka yi maganar aurena da ɗansa na uku. Ina sonsa, yana sona, ba wanda ya tilasta wa wani. Abin da ban sani ba shi ne, ranar da na zama surukarsa ranar na rasa kawuna. Ba dama in zauna a tabarmarsa. Ba dama in haɗa ido da shi. In gaishe shi a durƙushe daga bakin ƙofa, in ce Baba, in wuce. Shi ma ya daina cewa 'Yar Dutsi. In zai yi mini magana sai ya juya wajen bango ya ce, "A kawo mini ruwan alwala."

Kwamfutar tsohuwar Auta ce, ta ba shi da ta sayi sabuwa. Babban ɗansa kuma ya sa masa sola a kan rufi. Kawu mutum ne da ba ya iya ganin abu yana tafiya a banza. Ruwan wanke shinkafa ma sai ya ce a zuba wa zogale. Shi ya lura cewa kafin rana ta take batir ya cika, duk wutar da ta biyo baya ba inda take zuwa. Wannan ya dame shi har Auta ta nuna masa hanya.

Na ji bayanin ne ranar da amininsa ya zo, wani dillalin shanu da ke kai da kawowa ta Kongolam, can bakin iyaka. Ina shara a bayan taga.

"Wai me injin nan ke yi, kai kana nan kana gyangyaɗi?"

Kawu ya ce, "Gayya take. Masu binciken magani suna da lissafin da ya fi ƙarfin injinansu, kamar gonar da mutum ɗaya ba zai nome ba. Sai su yanka shi ƙanana-ƙanana, su raba wa duk mai kwamfutar da ke zaune ba aiki. Tawa ta karɓo nata yanki ta intanet, ta gama, ta mayar, ta karɓo wani."

"Nawa suke ba ka?"

"Ko fura."

Dillalin ya yi dariya har da tari. "Gayya ba fura? To wallahi kai bawan Bature ne, har da sa hannu."

"Rana ce ke yi, ba ni ba. Kuma ban saye ta ba, balle in ce na yi asara."

"In sun samo maganin su sayar maka da tsada."

Nan Kawu ya daina dariya. Ya ce shi ya sa ba kowa yake yi wa ba. Akwai waɗanda ya ƙi, don ya sa Auta ta karanta masa sharuɗɗansu ya ga ba su ce za su buɗe wa kowa abin da suka gano ba. "Wanda zai kulle, ya nemi 'yan ƙwadago ya biya su. Ni ba na kai gayya gonar marowaci."

Yadda yake kula da injin nan, ko jariri albarka. Da gashin kaza yake share mata ƙura. In ta huta ya lulluɓe ta da ɗankwalin marigayiya Hajiya, matarsa. A cikin bazara, fanka ɗaya gare shi a ɗakin, sai ya juya ta wajen kwamfutar, shi kuma ya zauna yana fifita da mafici, gumi na bin wuyansa. Nakan wuce da yarinya a goye, bayana ya jiƙe sharkaf, in leƙa in ga ƙarfe na shan iska. Ban taɓa zaton mutum zai ji haushin ƙarfe ba sai da na ji.

Labari ya bazu a unguwa cewa Malam ya kafa injin da ke nemo magani. Mutanenmu kuwa sun san abu ɗaya: in malami na aiki, suna ake kai masa. Sai ga takardu. Wannan ta aiko sunan mijinta da na uwarsa, waccan ta aiko na ɗanta da ɗan goro. Kawu ya yi bayani har ya gaji. Daga baya sai ya daina, ya samo gwangwanin madara yana tarawa. Duk wanda ya kawo suna sai ya zaunar da shi ya tambaye shi yaya ciwon yake, tun yaushe, ya ce gobe ka je asibiti ka ce a duba maka kaza. Bayan sallar la'asar ya buɗe gwangwanin ya yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Goron kuma ya mayar.

Ni ma na yi. Yarinyar nan 'yar fari ce, kuma kowa ya san yadda muke. Ba na faɗin sunanta. Ba na yi mata wasa a gaban manya. In ta faɗi a gaban surukina, sai dai in kau da kai wani ya ɗauke ta. To ta yaya zan buɗe baki in roƙa mata? Tana da wata tara hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, tana ihu in an taɓa ta, aka gwada aka ce sikila ce. Tun ranar ban sake barci mai nauyi ba. In ta yi shiru in tsorata, in ta yi kuka in tsorata. Nakan buɗe fatar idonta sau goma a wuni in ga ko ya yi fari.

Wata rana yana masallaci na rubuta sunanta da ajami a ɓallin takarda. Shi ne karo na farko da hannuna ya rubuta shi. Na tura ƙarƙashin ɗankwalin na gudu.

Washegari ya ɗauke ta ya ɗora a cinya, a inda ya san ina ji daga madafa. Amarya yake ce mata, wasan kaka da jika. Ta bakinta kuma yake yi mini magana, tun ba ta iya cewa komai ba.

"Amarya, ki gaya wa uwarki injin nan bai san sunan kowa ba. Ni ne na sani, kuma ba sai an rubuta mini ba."

Na ƙona miya ranar.

Sau ɗaya a shekara yake zaɓar ciwon da kwamfutar za ta yi wa aiki, washegarin Sallar layya, lokacin da kowa na gida. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, a fito da ita, Auta ta zauna dab da shi kafaɗa da kafaɗa tana karanta jerin cututtukan da Turanci tana fassarawa. Mu mata muna suya muna saurare. Tambayarsa kullum ita ce, "Su wa ciwon nan ke kashewa? Suna da mai magana a madadinsu?" Shekarar farko ya zaɓi tarin tibi. Ya ce ya duba majinar makiyaya da ba ta ƙirguwa, mutanen da sai sun fara tofar da jini ake kawo su a bayan babur. A lokacin yarinya ba ta fara ciwo ba.

Shekara ta biyu na yi shiri. Na roƙi maigidana tun sati guda ya sa baki. Ya ce to. Da lokaci ya yi sai ya zauna yana cin hanta. Auta ta karanto ciwon dajin mama, wanda shi ya ɗauke Hajiya. Ta ce, "Baba, don Umma." Ya dafa kanta ya ce, "Don Ummanki." Aka shafa fatiha. Ni ina tsaye da matsami a hannu. Allah ya jiƙan Hajiya, ta riƙe ni da kyau, amma ta riga ta tafi. Tawa tana nan da rai a bayana, idonta ruwan ɗorawa. Auta kalma uku ta faɗa aka ba ta shekara guda.

Daga nan na sa a raina cewa sikila na cikin jerin, Auta ce ke tsallakewa. Wa zai kama ta? Ita kaɗai ke karantawa da sauri, idon Kawu ya yi rauni, sauran ba ruwansu. In ta zo ƙarshen mako ta kawo wa yarinya magani da safa, in karɓa in yi godiya, a raina ina cewa da kin karanta layin nan da ya fi mini. Nakan ji su a ɗaki suna dariya, tana ce masa, "Baba ka ga yau ka gama yanki goma sha biyu," yana cewa, "Ni da rana." In tuna wanda aka ce idonsa ya fi gani.

Sallar da ta biyo baya, kwana huɗu ke nan da sallamo mu daga asibiti. An yi mata ƙarin jini. Aka shimfiɗa tabarma, Auta ta fara karatu. Ban san lokacin da na fito daga madafa ba. Na tsaya a tsaye, ban durƙusa ba.

"Kawu."

Kowa ya juyo. Rabon da in kira shi haka tun kafin aure.

"Kawu, 'yata fa?"

Maigidana ya ce, "Ke, lafiyarki?" Inna Babba ta riƙe baki. A gaban suruki, a gaban yayyen miji, na ce 'yata. Amma bakin ya riga ya buɗe.

"Jinin mutanen Daura kaf ya bi ta hannunka. Na Fulani, na fatake, na wanda ba ka sani ba. Namu ne kawai ba ka duba ba. Kai ka ba da ni, kai ka karɓa wa ɗanka. Ba ka san ana gwadawa ba?"

Babban ɗansa ya yunƙura zai tashi, Kawu ya ɗaga masa hannu. Sannan ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko cikin shekara huɗu.

"Gaskiya ta faɗa, ku ƙyale ta. Na sani. Saura sati biyu ɗaurin aure abin ya faɗo mini. Na ce in na ce a gwada, babanki zai ce ina neman hanyar fasawa ne, don kuna ƙauye. Ya taɓa hana ni ke sau ɗaya, ban so mu sake haɗuwa. Kunya na ji, 'Yar Dutsi. Ba wani dalili."

Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na ce, "To ka sa injin ya yi mata."

"Babu shi a jerin."

"Akwai."

"Auta, akwai?"

Auta ta ce, "Wallahi babu, Baba."

Na ce, "Ai dama ke za ki ce akwai?" Na juya na shige ɗaki. A shekarar zazzaɓin cizon sauro ya zaɓa. An ce ya ce shi ne ya fi kusa, don shi ke tayar wa masu sikila da ciwo. Ni a lokacin ji na yi an ba ni ƙanzo an ce tuwo ne.

Wata biyu ina gaishe shi da baki kawai. Shi kuwa bai canza mini fuska ba, sai ma wani abu da ya tsiro da shi. Likita ya ce yarinya ta yawaita shan ruwa, ita kuma ba ta so. Sai Kawu ya sayo ƙananan kofuna biyu iri ɗaya. Kowane bayan sallah ya kira ta. "Amarya, zo mu yi tsere. Wanda ya riga shanyewa shi ke da gidan nan." Kullum ita ke ci, shi kuma ya yi ta ƙorafi wai an yi masa maguɗi, zai kai ƙara wurin mai unguwa. Tsoho mai fama da yawan fitsari ya riƙa shan ruwa kofi biyar don ta sha. Ranar asibiti kuwa shi ke riga mu fita, ya kama mana layi, hularsa a gwiwa.

Ya kuma zama fitina a dangi. Duk auren da aka zo masa da shi, sai ya ce ina takardar gwaji. Aka ce ya yi wa wata jikar Inna Babba walicci, ya ce ba zai zauna ba sai ya gani da idonsa. Aka gwada, bai dace ba, aka fasa. An yi wata uku ba a gaishe shi daga Mashi. Yarinyar ta auri wani, ta haifi namiji ƙato, an kawo mana shi ranar da suka zo gari. Na karɓe shi na yi masa addu'a, ina jin nauyinsa a hannuna. Ciwon 'yata ne ya saya mata wannan yaron, ita ko sani ba ta yi ba. Na miƙa mata shi da sauri kafin fuskata ta tona ni.

Ciwonsa na ƙarshe ya same shi a kan tabarmar sallah, ɓarin jikinsa ya shanye. Auta ta ɗauki hutu ta zo ta tare a gefen gadonsa. Ita ke ba shi kunu a baki, ita ke fahimtar maganarsa da ta koma ciki-ciki. Ni nake dama kunun, in kawo bakin ƙofa, ta karɓa. Sau ɗaya ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi mini alama in shigo. Na shigo na durƙusa. Ya yi ta motsa baki, ban gane ba, na dubi Auta. Ta ce, "Cewa yake yarinya ta sha ruwa?" Na ce ta sha. Iyakar maganarmu ta ƙarshe ke nan, ita ma sai da ta bi ta bakin Auta.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse. Maigidana ya ce tunda mai abu ya tafi, a naɗe kwamfutar, a sa firji a wutar, a samu ruwan sanyi da wurin ajiye magani. Ban ƙi ba. A gaskiya ma raina ya so.

Da hantsi Auta ta leƙo madafa, idanunta a kumbure. "Zo, ina da magana."

Muka shiga ɗakinsa. Ta zauna a bakin gado, ba ta dube ni ba.

"Baba ya bar saƙo. Ya ce kada a kashe ta, sai in mai zaɓe ta ce a kashe. Kwana tara ina zaune a nan. Na ɗauka ni zai ce." Ta ja hanci. "Ke ya ce. Wai kin fi mu zama a layin asibiti, kin fi mu sanin wa ake mantawa."

Sai a lokacin na ga fuskarta da kyau. Irin fuskar da nake gani ce a madubina. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji tausayinta sosai ba, kada in yi ƙarya.

Na ce, "Buɗe jerin."

Ta buɗe. Na jawo kujerarsa na zauna, na ɗora yatsana a kan layin farko. "Karanta. Kada ki wuce sai na ɗaga."

"Har yanzu ba ki yarda da ni ba?"

"Karanta dai."

Ta karanta, ta fassara. Na sauko da yatsa. Ta karanta. Tibi, daji iri-iri, wata cutar mantuwa ta tsofaffi, wasu da ban taɓa jin sunansu ba. Kowane layi sai na sa ta maimaita, ina kallon bakinta ina kallon tsawon rubutun. Har yatsana ya sauka a inda babu komai.

"Saura na ƙasa."

"Babu na ƙasa. Shi ke nan."

Ashe bai yi mini ƙarya ba. Ita ma ba ta yi ba. Na zauna ina kallon farin wurin nan, sai na gane na fi son a ce ƙarya suka yi. Da ƙarya ce, da akwai layin, da yau na danna shi. Shekara biyu ina jin haushin mutum biyu a cikin gida, ashe duniya ce gaba ɗaya ba ta rubuta mu ba, aƙalla a wannan jerin. A nan na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza. Auta ba ta lallashe ni ba, ta bar ni na gama, na kuma gode mata da hakan.

Ta ce, "To me za a yi? In firjin kike so, ba mai ganin laifinki."

Na dubi jerin. Wata mata ce ta faɗo mini, wadda gadonmu ke kusa a kwanciyarmu asibiti ta bara. Daga wani ƙauye take can bakin iyaka. Ɗanta ɗan shekara biyar, muƙamuƙinsa ya kumbura har ya tura ido. Ba ta da kowa a garin, ni nake raba mata tuwo. Ranar da aka ce su wuce babban asibiti a wani gari, ta naɗe tabarmarta ta ce mini gida za su koma. Ban san sunanta ba. Maman yaro nake ce mata.

Na ce, "Koma sama. Akwai wanda kika ce na dajin yara."

"Shi?"

"Shi. Nuna mini inda ake dannawa, ni zan danna."

Maigidana ya yi kwana biyu yana gunaguni a kan firji, ya haƙura.

Kafin Auta ta koma Katsina na sa ta rubuta mini sikila da Turanci, da manyan baƙaƙe, duk yadda ake rubuta ta. Ta koya mini buɗe jerin. Duk Juma'a bayan na gama abinci nakan zauna in bi shi layi-layi ina gwadawa da takardar, don ta ce wani lokaci sukan ƙara sabo.

Ban warke ba. Yanzu kishina ya koma kan matan da ban taɓa gani ba, waɗanda ciwon 'ya'yansu ke da layi, waɗanda hasken ranar gidanmu ke yi wa aiki daga hantsi zuwa la'asar, ni da tawa muna zaune a gefe. Abin da ke tsorata ni shi ne kada wannan zuciyar tawa ta ɓata masa sadaka. Ya Allah, in akwai lada a cikin aikin nan, ka kai wa Kawu shi cikakke, kada ka rage masa komai saboda hannun da ya danna. Ka yafe masa kunyar da ya ji, ni na yafe, ko da wasu ranakun sai na sake yafewa. Ka sanyaya masa makwanci, ka haɗa shi da Hajiya a gidan rahama.

Yau Juma'a. Na duba. Babu tukuna.